Kafar da Kakana Ya Yanka a Zana

Jiya na wuce masu sayar da zana a kasuwar Cadawa, ƙamshin sabuwar gamba ya buge ni, sai na tuna lokacin da nake ɗan shekara takwas. Bari in gaya maka abin da ban cika faɗi ba.

Ni yaro ne da aka kasa gane kansa. Ba na kallon mutum a ido, ƙara na sa ni toshe kunne, kuma in ba fura ba, ba abin da ke wuce maƙogwarona. Cikina kuwa, Allah ya sawwaƙe. Sai ya ɗaure kwana da kwanaki, ranar da ya ga dama ya sake ba sallama. A gida cewa ake iska ce. Sai da na girma likita ya ce haka aka halicce ni, ciwon cikin ma tare suke tafe.

Ajinmu a lakol, wato makarantar boko, rumfar zana ce, iyaye ke kafa ta bayan girbi. Dokar mushe, malaminmu, ita ce mai son fita ya miƙe, ya harɗe hannu, ya roƙa da Faransanci. Na san kalmomin sarai. Amma da idanu sun juyo kaina, sai harshena ya mutu.

Shekarar da aka buɗe jam'iyyu ce, motocin kamfe na yawo da lasifika. Ran nan da hantsi wata ta tsaya daf da lakol ta saki kiɗa. Na toshe kunne, ciki ya juya, na miƙe, baki ya ƙi. Ina tsaye abin ya zubo mini har dunduniya. Wayyo! Yara suka watse suna toshe hanci. Wallahi dariyar nan har yau tana kunnena.

Mushe ba mugu ba ne. Ya aika gida a riƙe ni sai na warke. Baba ya ce to, dama awaki na neman mai kiwo. Kunya ta hana ni ko leƙa ƙofar gida, ga shi ina son karatun nan kamar raina.

Kakana, mahaifin baba, shi ke saƙa zanar lakol. Ya ɗauki wuƙarsa da igiya ya nufi wurin mushe, ina biye da shi kai a ƙasa.

"Malam, yaron ga ba shi iya roƙo. Ba ni kusurwa guda."

Mushe ya yarda. Tsoho ya yanke zanar ta baya, ya yi kafa daidai jikina, ya rataya mata tsohon buhu. Ya ce mini, "Ga ƙofarka, aboki. In ciki ya motsa, fice, kar ka tambayi kowa."

Ba zan yi maka ƙarya ba, kafar nan ma abin kunya ce. Kowa ya san dalilinta, har yara suka sa mata sunan da ba zan maimaita ba. Duk sanda na sunkuya zan fita, ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma ta nan na yi ta fita ina dawowa, duk bayan girbi tsoho na sake yanka ta a sabuwar zana, har na ci jarrabawa.

Yanzu ɗana na biyu irina ne sak, har cikin. Ajinsu na siminti ne, ƙofa ɗaya, a gaban kowa. Na zagaya bayan ginin na shafa bangon, ba inda wuƙa za ta shiga. Sai na je na tsaya gaban malamarsu, da furfurata, na ba ta labarin nan tun daga motar kamfe. Ta mayar da wurin zaman yaron bakin ƙofa, ta ce ya riƙa fita ba tambaya. Kakana da wuƙa ya yi nasa. Ni sai da na buɗe bakin nan da ya ƙi buɗuwa.