Simintin Mai Ƙanƙara

Shekara ashirin Mai Ƙanƙara yana sana'arsa a wani ɗan shago bayan tasha, kuma abu ɗaya tak ya koya: wai ruwa ba ya ɓarna. In wuta ta ɗauke ƙanƙara ta narke, wuta na dawowa ta sake daskarewa. Ran da gishirin matarsa ya jiƙe, ta shanya ya dawo gishirinsa, sai da maƙwabta suka sha wa'azi na mako guda. Tun daga nan ya naɗa kansa malamin ruwa, ba ya jin kira.

Baiwar Allahn nan tun tana amarya yake mata alkawarin sabon ɗaki, don wanda suke ciki in ana ruwan sama sai an jera kwanoni. Har autarsu ta yi aure ba a aza bulo ɗaya ba. Bana dai ya yunƙura ya sayo siminti buhu goma sha biyu, ya jibge su a ƙasa cikin shagon, jikin tsohuwar firizarsa mai yoyo.

"Maigida, a ɗora su kan katako mana," in ji ta.

"Ke, ni za ki koya wa ruwa? In sun jiƙe a shanya."

Sun kuwa jiƙe. Bayan wata biyu magini ya zo, ya buga wa buhu ɗaya cebur, sai ga ƙara kamar an daki dutse. Gogan ko a jikinsa. Ya sa aka kwaso su tsakar gida suka sha rana kwana bakwai, ya farfasa ɗaya da guduma yana haki, ya niƙe, ya kwaɓa da yashi. Da ya bushe, magini ya murtsuke shi da yatsa biyu.

"Baba, ƙanƙara ruwa ce, ko ta narke ko ta daskare. Siminti kuwa sau ɗaya yake shan ruwa. Ya sha, ya zama wani abu daban, ba ya dawowa."

"Bai gama bushewa ba ne," in ji malamin ruwa.

Har yau sha ɗayan suna nan tsakar gida, da shatin buhu a jikinsu, shi kuma yana jira su bushe. Matar ta daina tambaya. In baƙi sun zo takan kakkaɓe musu ɗaya da gefen zani, ta ce, "Bismillah, ku zauna. Sabon ɗakina ke nan."