Mama Doka Za Ta Bar Tagar Tikiti

Kullum ƙarfe takwas da rabi na safe Madam Philomena Nwabueze take fitowa daga gidansu a Sabon Gari, jaka a hammata, gorar ruwa a hannu. Ba ta hawa adaidaita sai ranar da gwiwa ta matsa mata. Da ƙafa take ratsowa ta gefen kasuwa, tana gaisawa da masu rake da masu gyaran takalmi da Hausarta tas ta haifaffiyar Kano, har ta shigo Fagge. Nan akwai wani ɗan filin wasan yara mai lilo shida, da dawakin ƙarfe masu juyawa, da jirgin ƙasa na wasa mai tarago uku. Sai ta buɗe tagar sayar da tikiti, ta goge katakon da tsumma, ta yi addu'arta, ta ɗora tabarau a kan hanci. Daga nan kuma sai ta haɗe rai. Shekara ashirin da shida ke nan tana haka, ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki.

Ku tambayi duk wanda ya yi yarinta tsakanin Fagge da Sabon Gari, ba wanda ya san ta da Philomena. Mama Doka ake ce mata, kuma ba don ƙauna aka sa mata sunan ba. Yaro zai kwana yana mafarkin yawon Sallah ko na Kirsimeti, ya ci ado, ya zo yana tsalle, sai matar nan ta leƙo ta taga ta daka tsawa: "Doka! Yau kowane yaro wasa biyu, ba ƙari!" Wata rana uku, wata rana ɗaya tak. In wani mai baki ya ce ai ga waɗancan can sun hau sau biyar, sai ta zare masa ido ta saman tabarau ta ce, "Kai ne manaja?" Askirim ma ba ta ƙyale shi ba, cewa take yana sa mura, a sha zoɓon da aka zo da shi daga gida. Wallahi yara sun tsani matar nan, tsana ta gaske.

Cikin waɗanda suka fi kowa riƙe ta a zuci akwai Hikmat, 'yar Malam Kamaldeen, tela a Fagge. Tana da shekara tara babansu ya kawo su su huɗu ranar uku ga Sallah. Mama Doka ta yanke musu wasa biyu biyu. Hikmat ba ta manta yadda babanta ya dafa tagar yana roƙo ba: "Haba Madam, ko ɗaya a ƙara musu mana!" Matar ta ce ko kusa. Suka koma gida Hikmat tana kuka, amma tana riƙe da hannun babanta gam, don ta ga da idonta ya tsaya musu. Har ta yi aure ta koma Rijiyar Lemo, in ta ga mace mai shan kunu sai ta ce, "Kamar Mama Doka."

To, ƙaramar Sallar da ta wuce sai ga Hikmat a layin tagar nan da nata 'ya'yan, Ruwaida mai shekara bakwai da ƙaninta Moshood. Maigidan Hikmat ya tafi kudu da kaya, kasuwa ba ta yi ba, bai samu dawowa ba. Ita kuwa tun cikin azumi ta yi wa Ruwaida alkawari: in ta kai azumi biyar, duk abin da ke juyawa a filin nan sai ta hau. Yarinya ta kai bakwai. Kuma Hikmat ba ta taɓa saɓa musu magana ba, abin da take taƙama da shi ke nan.

Sai dai Kano ta yanzu ba ta san alkawari ba. Mai adaidaita ya caje ta ninkin abin da ta sani. Da ta ɗaga kai ta ga allon farashi a ƙofa, ashe tikiti ma ya tashi. Ga maƙociyarta a bayanta da 'ya'yanta cikin sababbin kaya, ga Ruwaida tana nuna musu da yatsa tana cewa, "Mamata ta ce duka zan hau, duka!" Hikmat ta matse kuɗin a tafin hannu har ya jiƙe da gumi. Ko dai ta zube shi duka a taga su taka da ƙafa har Rijiyar Lemo cikin ranar nan, ko ta dubi yarinyar da ta yi azumi bakwai ta ce mata ba ni da shi, a gaban mutane. Layi yana matsawa, ita tana ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da ta iso taga, tsohuwar ba ta dubi fuskarta ba, hannunta ta duba. Sai ta sunkuyo kamar mai neman canji, ta yi ƙasa da murya.

"'Yata, kin ware na komawa?"

Hikmat ta ƙara dunƙule hannun.

"Buɗe hannun in gani. Yi maza, ana kallo."

Ta buɗe. Madam Philomena ta zare takarda biyu ta tura mata. "Wannan na adaidaita ne. Sa shi can ƙasan jaka, ko sun yi birgima kada ki taɓa shi. Sun ci abinci a gida?"

"Sun ci, Mama."

"Madalla, kin yi rabin aikin. Sauran zai yi musu biyu biyu. Ki fara da jirgi, ya fi daɗewa yana zagayawa."

Sannan ta miƙe, ta gyara tabarau, ta daka tsawar nan da Hikmat ta sani tun tana 'yar shekara tara: "Doka! Yau kowane yaro wasa biyu, ba ƙari!" Fuskar Ruwaida ta yamutse. Tsohuwar ta sake sunkuyowa, bakinta da ƙyar yake motsi.

"Yanzu ki roƙe ni. Da ƙarfi, su ji."

Hikmat ta dafa tagar. Ba ta shirya komai ba, sai ji ta yi bakinta yana cewa, "Haba Mama, ko ɗaya a ƙara musu mana!" Tana faɗa ta tuna inda ta taɓa jin maganar nan: a bakin babanta, a wannan tagar.

"Ko kusa!" in ji Mama Doka. "Na baya, matso!"

Yara suka hau jirgi, suka hau doki, suka sha zoɓo a inuwa suna zagin muguwar tsohuwa. Ruwaida ta rungumo uwarta ta ce, "Mama, kada ki damu, ai na ga kin roƙe ta." Hikmat ta juya kai ta ce wani abu ne ya faɗa mata a ido.

Ba ta wuce gida ba sai da ta biya shagon babanta. Ta tura yaran wajen kakarsu, ta tsaya a kansa yana kan keken ɗinki.

"Baba, babu wata doka, ko?"

Malam Kamaldeen ya ɗauke ƙafa daga kan keke. Ya yi murmushi. "Ashe kin je taga."

"Shekara nawa muna zagin Mama Doka a gabanka, ba ka taɓa cewa komai ba!"

"Ita ta hana. Ranar nan abin da ke aljihuna ko rabi ba zai kai ku ba, masu ɗinkin Sallah ba su zo karɓa ba. Duk sanda kuka zage ta sai in ji kunya ta rufe ni. Ba ni kaɗai ba ne, Hikmat. Rabin iyayen unguwar nan sun dafa tagar nan."

Ranar wata Talata, da ba kowa a filin sai mai shara, Hikmat ta koma ta durƙusa a bakin taga ta ce a yafe mata. Madam Philomena ta ce ta tashi, ƙasa da datti. Hikmat ta tambaye ta yadda ta iya jure wa yara suna murguɗa mata baki a titi shekara da shekaru.

"Ni sau biyu a shekara suke ganina," in ji ta. "Ubansu kuwa da shi za su koma gida, da shi za su tashi da safe. In dole sai sun ji haushin wani, ai gara ni."

"Zan gaya wa Ruwaida gaskiya."

"Kul! Bar ta. Za ta sani ranar da ta zo da nata."

Madam Philomena, ke ce mai rufa asirin iyaye a bainar jama'a. Ke kika koya wa magidanta su ciyar da yara kafin a fita, su bari sai cunkoson ranar farko ya wuce, su ware na mota tun kafin ido ya ga lilo. Ba ki tambayi kowa masallaci yake zuwa ko coci ba, hannunsa kawai kike dubawa. Sau uku masu filin suka kira ki ofis suka ce kina rage musu ciniki, kika ce musu wanda ya koma gida da mutuncinsa shi ne zai dawo baɗi. Suka yi ta gunaguni, kika koma tagarki kika ci gaba. An ce yanzu kina koya wa Ebere, wadda za ta gaje ki, yadda ake haɗe rai, amma dariya ta yi mata yawa. Ki daure da ita, ke ma ba da wannan fuskar aka haife ki ba.

Ku kuma da kuke zaune bayan taga ko bayan kanta a garin nan, in uba ya zo da yara kuka ga yana ta juya hannu a aljihu, ku yi ƙasa da murya. Ba sai kun ba shi ko sisi ba, ita ma ba ta taɓa ba kowa kyauta ba. Masu karatu, kun ji sirrin, don Allah kada ya kai kunnen yara.

Mun gode, Mama. Allah ya ba ki lafiyar gwiwa, ya sa ki ci moriyar hutunki, ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa wa bayinsa. Jiya an ga Ruwaida ta hango ki a bakin kasuwa ta ja hannun uwarta suka tsallaka titi. Ki yi haƙuri da ita. A wurinta har yau uwarta ba ta taɓa saɓa alkawari ba.