Ɓerayen da suka biyo damman geron Inna

Shekarun baya, wani abokina mai binciken ɓerayen da ke yaɗa zazzaɓin Lassa ya roƙe ni in raka shi ɗana tarko a gidajen da na sani. Ni da ko gafiya na hango sai na haye kujera! Amma na amsa da rawar jiki, don ban taɓa jin ana bin asalin ɓera ba.

Muka fara da gidana a Gusau, muka je gidan ƙanwata a Tsafe, muka ƙare a rumbun mahaifiyata a Bungudu. Shi ke sa safar hannu ya ɗan yanki kunnen kowane ɓera da muka kama ya jefa a kwalba. Ni kuwa ina can nesa riƙe da jaka, ina ba da shawara.

Bayan watanni ya kira ni yana ihu: "Maza zo ka ga ikon Allah!" Ko hula ban ɗauka ba na tare kabu-kabu. Ya ce ƙwayoyin halittarsu sun nuna ɓerayen gidajen nan uku dangi ɗaya ne, har na gidana sun fi kusa da na Bungudu a kan na maƙwabtana. Na yi ta tafi ina dariya, na ce ashe baƙi nake kashewa. Sai ya ce, "To me ke yawo tsakanin gidajen nan?"

Nan dariyar ta tsaya. Duk kaka mahaifiyata takan loda mana damman gero, ni da ƙanwata, a mota kai tsaye daga rumbu. Ba ta yarda a sussuke shi, wai a zangarniya ya fi daɗewa. Tun rasuwar mahaifinmu ba ta taɓa fashi ba. Cikin damman nan ɓerayen ke biyo hanya. Waɗanda muka kama ba su da cutar, amma irin masu ɗaukarta ne, ga matata da ciki.

Na je Bungudu na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa mata. Ta ce, "To, na bari. Ba ni aika ma jikana ciwo." Wallahi zuciyata ta karye, don na san geron nan ne hanyar da take jin har yanzu tana ciyar da mu.

Na ce, "Inna, ba bari za ki yi ba. A sussuke shi nan, a zuba a duro mai murfi." Ta harare ni ta ce, "Kai ka zuwa sussukar?" Na ce ni ne. Na kuwa je, tafin hannuna ya yi kanta.

Har yau duron na zuwa duk kaka, kuma duk sanda na buɗe murfin sai na ji daɗin da ban yi shiru ba. Abu ɗaya na jawo wa kaina. In na daɗe ban leƙa ta ba, sai ta kira ta ce, "Ɓeran rumbuna ma ya san hanyar Gusau ba kuɗin mota. Kai mi ya hana ka sanin ta Bungudu?"