Dattijon da Ke Neman Wurin Sifili

Ina layi a shagon buga takardu, sai ga wani dattijo ya shigo rungume da fayil kamar jariri. Kwat ɗinsa ta yi masa yawa a kafaɗa, takalminsa kuwa sai ƙyalli. A bangon fayil ɗin an rubuta: Kasafin Sayen Jiragen Yaƙi.

"Baba, yau ma?" in ji mai shagon.

"Yau ma, 'yata. Injin ofishinmu ya lalace, taro kuma ƙarfe goma. Farashin ne ya sake tashi."

Yana lasar yatsa kafin ya buɗe kowane shafi, yana kare shi da gwiwar hannu kada mu leƙa. Ina zaton bai taɓa shiga ko ɗaya daga jiragen nan ba, shekara da shekaru a takarda kawai yake raka su. Amma idan adadin ya fito ba daidai ba, shi manya za su kira, ba matuƙi ba.

Ta miƙo masa sabon shafin. Ya ɗaga shi sama, ya girgiza kai.

"Faɗaɗa gidan ƙarshen nan, inda ake rubuta farashi. Bar wurin sifili ɗaya, kada ki sake ganina ranar Litinin."