Haƙoran Malam a Buhun Shinkafa

Shekarun baya, lokacin maigidana yana raye, haƙoransa na sama suka zube saura na gefe. Jikata ce ke rubuta muku wannan, ni ban san baƙi ba, sai dai in faɗa ta rubuta.

Ɗanmu ne ya kai shi asibiti a Birnin Kebbi, aka yi masa haƙoran roba. Da ya dawo Gwandu ya buɗe baki, na ce, "Malam, roba? Bokitina ma damina guda ya tsage." Ya ce, "Ke dai tsaya ki gani. Likita ya ce wagga ba irin ta bokiti ba ce. Abu guda ta tsana, ruwan zafi." Na ce to, ashe ita da mage ɗaya suke.

Ya koma cin gyaɗa da tsire, har dariyarsa ta dawo, mutumin da a da sai ya rufe baki da hannun riga. In zai yi alwala yakan cire su ya ajiye a gefe, don ya kurkure baki sosai. Wannan ɗabi'a ce ta jawo mana.

Da kaka ya tafi gonarmu ta shinkafa da ke fadama wajen Kalgo. Azahar ta yi ana tsakar sussuka, ya cire su ya ɗora kan tarin shinkafa, ya yi alwala ya ta da salla. Kafin ya sallame masu aiki sun kwashe tarin sun ɗure a buhuna. Aka bincike ƙaiƙayi, aka tona ƙasa, babu. Shi kuma kunya ta hana shi cewa a kwance buhunan mutane, don an haɗa da na maƙwabta a mota ɗaya.

Ga bikin 'yar ƙanensa ya matso, shi ne waliyyi, shi zai ba da aure gaban jama'a. Malam ya ce ba ya zuwa. "In tsaya gaban surukai baki kamar tsohuwar zabira? In ce na ba da, su ji iska?" Yarinyar ta zo ta durƙusa tana kuka, ta ce, "Baba, in ba kai ba, ban son kowa ya ba da ni." Ya juya fuska ga bango. Yin wasu sabbi kuwa sai an jira, biki ba zai jira ba.

Shinkafar biki daga buhunanmu za a ɗiba. Na ɗora tukunya zan turara ta, ruwa yana tafasa. Ina cikin zuba kwano na ga wani abu ja-ja ya leƙo cikin shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, yana yi mini murmushi. Na tare shi da hannu a bakin tukunya, tururi ya ƙone mini yatsu.

Na wanke su na kai masa a ƙwarya. Na ce, "Malam, ka yi baƙi daga Kalgo." Ya leƙa, ya ce, "Mi nike gani?" Sun sha sandar sussuka ko ba su sha ba, Allah masani, amma an taka buhun, an jefa shi mota, an danne shi da wasu. Haƙori ɗaya ne kawai ya ɗan ɓantare a gefe. Sun bushe sun ɗan matse shi, sai da suka sha ruwan sanyi suka zauna daidai.

Ranar ɗaurin aure aka ce har bayan masallaci an ji "na ba da" ɗinsa. Da ya dawo ya ce, "To, ina mai bokiti?"

Ranar da ya rasu, masu wanka suka cire su suka aiko mini a ƙyalle. Har yau in na tuna sai hawaye, ba na ɓoyewa. Suna cikin ƙaramin kwano a ɗakina, ina canja musu ruwan sanyi kamar yadda ya saba. Ni da na ce ba za su kai damina ba, ga su nan, shi ne babu. Allah ya jiƙan Malam, gardamar nan shi ya ci ta.