Ruwan da Ya Kasa Shiga

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana gyaran famfo, har unguwa ta manta sunansa na yanka, kowa sai Mai Sufana. Aikinsa tsaf, amma fa akwai taurin kai. Karatunsa ɗaya ne: in ruwa bai iso ba, to wani ne ya rufe kan famfo. Da wannan karatu ya ci abinci, da shi kuma ya cuci matarsa.

Da aka gano ƙari a cikinta, likita ta ce ciwon daji ne, ta rubuta ƙwayoyi. Wata huɗu ana sha, aka sake ɗaukar hoto, ƙari yana nan daram. Mai Sufana bai yi wata-wata ba.

"Zubarwa kike yi," in ji shi. "Magani ba ya ƙin aiki haka kawai."

"Wallahi ina sha, Baban yara."

"To daga yau a gabana. Ki haɗiye, ki buɗe baki in gani."

Haka aka yi ta yi safe da yamma, mace mai jikoki uku.

Ranar komawa asibiti ya kai ƙararta, har yana jiran a yaba masa. Likitar ta ajiye biro.

"Baba, ba famfo kake gyarawa ba? In tanki ya cika maƙil, ba mafita, ƙarfin ruwan ciki ya kai na bututu, sabon ruwa zai shiga?"

"Ina fa! Sai dai ya tsaya a baki."

"To haka ƙarin nan yake. Jijiyoyin jininsa suna yoyo, magudanarsa ta toshe, ruwa ya taru a ciki yana turowa waje. Mama tana shan maganinta, gwajin jini ya nuna. Kaiwa tsakiyar ƙarin ne ya gagara. Ta ci gaba da sha kafin mu canja dabara."

Tun kafin ta rufe baki ya gane, kuma ganewar ce ta fi cin ransa. Abin da ya sani tun farkon koyon aiki! Kunya ta rufe shi, ya kasa kallon inda matarsa take zaune.

A hanya ya yi ta shirya kalmomin ban haƙuri. Da yamma ya kawo mata ruwa da kansa, ya durƙusa gefen gado. Kafin ya ce komai ta haɗiye ƙwayar, ta juyo gare shi, ta buɗe baki, ta ɗaga harshe.