Gwaggo Fanna Mai Nuna wa Baƙi Damagaram

Duk wanda ya taɓa sauka gidanmu na unguwar Birni ya sani, baƙo ba ya gama shan ruwa sai Gwaggo Fanna ta jawo takalmanta. Yayar mahaifina ce. Ku da kuka san ta ba sai na kwatanta muku ba: doguwa, siririya, da baƙar lemar nan da ba ta taɓa buɗewa don rana ko ruwa, sai dai ta yi nuni da ita. Baƙo na ajiye kofi za ta tambaye shi ko ya taɓa zuwa Damagaram. In ya ce a'a, ya shiga uku. In kuwa ya ce ya sha zuwa, abin ya fi muni, don cewa za ta yi wadda ya gani an canja ta tun bara, ya tashi a nuna masa sabuwar.

Dillanci ta yi shekara da shekaru, gida-gida da ƙullin zannuwa da kwanuka a ka, shi ya sa babu lungun da ba ta sani ba. Ta bar sana'ar da tsufa ya zo, amma ƙafar ta ƙi bari.

Ranar sunan ɗana na fari dangin mijina suka zo daga Zermu, cikinsu har da baffansa Malam Habu, mutum mai jiki wanda ko masallacin ƙofar gidansa sai ya huta a hanya. Ana shafa fatiha Gwaggo ta ce su zo ta kai su nan kusa su miƙe ƙafa kafin abinci ya nuna. Ta bi da su lungunan Birni tana nuna musu tsofaffin gidajen ƙasa masu zane a goshi, tana faɗin wanda ya gina da wanda ya bari ya zube. Ta kai su ragowar ganuwa, ta kai su wurin dukawa suka shaƙi warin fata, ta ratsa da su unguwar Zango, ta shiga da su Kasuwar Dole ta sa mai alkaki ta ba kowa ɗanɗano. Daga nan ta ce saura abu ɗaya, wato hawa dutse a hango garin duka. Rabin hawan Malam Habu ya zauna daɓas, ya cire hula yana fifita.

Ya ce, "Ya Fanna, na yarda garinku babba ne. In takarda ce kawo in dangwala hannu."

Ta ce masa ba a yarda da abin da ba a gani ba, ya tashi. Sai bayan la'asar suka dawo, shinkafar suna ta ƙare, ƙanzo kawai suka tarar. Da Malam Habu ya sake zuwa gari bayan shekara, gidan wani abokinsa ya ɓuya, ya aiko cewa ƙafa ke damunsa. Gwaggo ta nemo gidan, ta kai masa man shafawa, ta ce likitoci sun ce babu maganin ƙafa irin tafiya.

Da garin ya fara cin gonaki, sababbin unguwanni suna fitowa ta kowace kusurwa, mun ɗauka za ta saduda. Ina! Sai ta ƙara su cikin yawonta. Amma sunayen da aka raɗa musu ba ta taɓa riƙe ko ɗaya ba. A wurinta kowace unguwa sunan mai gonar da ta cinye take amsawa. Za ta tsaya da baƙo gaban shagon gyaran wayar salula ta ce nan rumbun Malam Bukar yake, ta nuna gidan mai ta ce nan kuma aka fi samun yakuwa.

Abin hawa kuwa gaba take yi da shi, wai mai gudu ba ya ganin komai. Sau ɗaya na tilasta mata hawa kabu-kabu, lokacin da gwiwarta ta kumbura. Mai babur ɗin, wani magidanci mai haƙuri, ya tambaye ta ina za a kai ta. Ta ce gonar Malam Bukar. Ya ce shekararsa bakwai yana wannan aiki, bai san wata gona a cikin gari ba. Ta ce ya dai ja, za ta nuna masa. Suka yi ta tafiya tana dungurinsa da lema, dama, hagu, har suka tsaya gaban wata sabuwar lakwal, makarantar boko mai fenti. Ya ce, "Inna, ina gonar?" Ta ce, "Ɗan nan, a kan wakensa ka taka birki." Ta sauka, ta ce masa tuƙinsa ba laifi amma bai san gari ba, in yana da lokaci ranar Juma'a ya zo ta zagaya da shi a ƙafa.

Sai kuma maganar gonarta, wadda na san da yawanku har yau kuna dariya in kun tuna. Mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona a arewacin gari. Da ma'aikatan meri, wato hukumar gari, suka yanka wurin suka kafa duwatsun iyaka, aka ba ta fili ɗaya a tsakiyar inda gonar take. Maƙwabta duk suka sayar, benaye suka tashi gabas da yamma, aka ja wuta, aka kawo famfo. Gwaggo ta ɗauki fartanya ta shuka gero. Kowace damina sai ka ga zangarniya tana kaɗawa tsakanin katangu biyu masu ƙofar ƙarfe, ita kuma tana tsakiya tana korar tsuntsaye da gwangwani.

Mai benen gabas, wani Alhaji ɗan kasuwa, ya so filin don ya yi wa motocinsa rumfa. Ya aiko dillalai ta kore su. Ya zo da kansa, ya durƙusa ya gaishe ta da ladabi, ya ce ta faɗi duk abin da take so. Ta dube shi ta ce tana so ya matsar da benensa kaɗan, yana tare wa geronta hantsi. Bai yi fushi ba, dariya ya yi har da riƙe ciki. Tun daga ranar nan matarsa, Hajiya Mariyama, take aiko mata da ruwan sanyi duk ranar noma. Gwaggo ta sha, ta ce ruwan ba shi da ɗanɗano, na rijiyar da suka binne ƙarƙashin ɗakin baƙinsu ya fi shi.

Muna dariyar duk wannan, amma akwai wuri ɗaya a yawon nata da mu 'yan gida ba ma dariya. Komai nisan inda ta kai baƙo, sai ta biyo da shi tashar motocin arewa. Babu abin kallo a wurin, daga buhuna sai hayaƙi sai masu shayi. Za ta tsaya tana duban masu saukowa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce wa baƙon, to, an ga tasha, a tafi.

Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Sani. Tela ne, mai yawan barkwanci kamar uwarsa, shi ya ɗinka mini kayan shiga lakwal na farko. Yana da shekara ashirin da 'yan kai ya ce zai tafi Libiya ya yi shekara biyu, ya dawo ya gina mata ɗaki a gonar nan. A tashar ta raka shi. Ya kira daga Agadas, ya sake kira sau ɗaya daga wani gari a cikin sahara, daga nan shiru. An tambayi duk wanda ya dawo. Wani ya ce ya gan shi, wani ya ce ba shi ba ne. Babu wanda ya kawo labarin mutuwa, babu wanda ya kawo na rai. Mahaifina ya taɓa cewa a yi masa sadaka a fawwala wa Allah, ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba.

Ni dai ban haɗa yawon da wannan ba sai wata rana da na yi mata faɗa. Ta dawo da azahar ƙafafunta sun yi suntum, wai ta je ganin wata sabuwar kwalta da aka shimfiɗa wajen hanyar Mirriya, ba baƙo ba kowa, ita kaɗai. Na zuba ruwan ɗumi a roba ina gasa mata, raina a ɓace. Na ce, "Gwaggo, wai wa ya ɗora miki wannan aiki? Garin nan ko kin ƙirga titunansa ko ba ki ƙirga ba, girma zai yi ta yi."

Ta dubi ƙafafunta a cikin robar. Sannan ta ce, "Dije, yaron nan garin da ya bari ba shi ne wannan ba. In ya sauka a tasha ba zai gane ko hanyar gidanmu ba. Dole a samu wanda ya san tsohon ya san sabon, ya ce masa nan ne kaza, nan ne kaza. In ban bi na riƙe ba, wa zai nuna masa?"

Na sunkuyar da kai ina ta matsa tsumma. Ban sake hana ta fita ba.

Shekarar da ta wuce ne abin ya fara. Wata safiya ta fita duba gona, har rana ta take ba ta dawo ba. Muka bazu nema. Wani magini ne ya kira lambar wayata da na rubuta na ɗaure mata a jikin lema, ya ce ga wata tsohuwa zaune gindin katangar da suke ginawa, ta ce ta san inda take amma an juya mata gabas. Da na isa na same ta ta haɗa gumi, tsakaninta da gonarta bai fi layi uku ba. An buɗe sabuwar hanya, an sare gawon da take gane kwana da shi. Ta gan ni ta yi 'yar dariya, ta ce wa maginin ga 'yarta ta ɓata ta zo a nuna mata hanya. Amma da muka kama tafiya ta riƙe hannuna gam, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce kar in gaya wa kowa. Ga shi yau na gaya muku. Ta yafe mini.

Daga nan jiki ya yi ta ja baya. Muka yi ta zirga-zirga gidan likita, daga baya suka ce mu koma gida mu kula da ita. Da ruwan farko ya sauka ta hana kowa sakat sai da ni da mijina muka je muka shuka filin. Kullum sai ta tambaye ni ko ya tsiro, ko ya kai gwiwa, ko ya yi bununi. In na ce ya yi kyau ta ce ni malamar lakwal ce, ban san kyan gero ba.

Hajiya Mariyama ce ta zo dubiya ta ji wannan, ta ce gobe za ta turo mota a kai ta ta gani da idonta. Na tabbata za ta ƙi. Sai na ji ta ce to, amma a gaya wa direba ya tafi kamar mai tafiya a ƙasa. Haka kuwa aka yi. Muka fita da hantsi, motar tana rarrafe, 'yan kabu-kabu suna ta yi mana oda a baya, ita kuma ta jingina da kafaɗata tana faɗin sunayen gonaki da muryar da da ƙyar nake ji. A bakin filin ba ta iya sauka ba. Alhaji da kansa ya fito daga gidansa ya shiga ya karyo zangarniya ɗaya ya miƙo mata ta taga. Ta murza, ta duba ƙwayar, ta ce mun shuka da kauri amma ba laifi.

A hanyar dawowa direba ya tambaya ko a bi ta tasha, don shi ma ya san halinta. Ta girgiza kai. Ta ce ta gaji. Can kuma ta matse hannuna ta ce, "Dije, in ya zo kar ki bi da shi ta sabuwar kwalta. Ki biyo da shi ta bakin tafki, ta wajen dutsen nan mai tsaga. Nan ba su taɓa ba, zai gane."

Na ce to, Gwaggo.

Kwana tara bayan nan ta cika, ranar Laraba da walaha, geron saura kaɗan ya isa yanka. Da lokacin girbi ya yi ba mu nemi kowa ba, amma muka tarar da mutane a bakin filin: masu gadin benayen, maginin nan, matan unguwar da ta sha yi wa gyara a kan shara, har Malam Habu daga Zermu, wanda ya zauna a inuwa yana ba da umarni. Dami huɗu aka ɗaure. Muka surfa, muka yi fura muka rabar sadaka a tasha. Filin yana nan, mahaifina ya ce ba mai taɓa shi, na Sani ne har sai an ji tabbas.

Allah ya jiƙan Gwaggo Fanna, ya yafe mata, ya hutar da ƙafafun nan nata, ya yalwata mata makwanci. Sani kuma, in yana raye Allah ya karkato da shi gida muna da sauran ƙarfin tarbarsa. In kuwa ya riga ta, Allah ya sa sun gane juna. Amin.